Lambun bayan gida: aikin da ake yi tun bazara, kafin ruwa ya sauka

"Assalamu alaikum Malam. A Kano nake zaune, kuma akwai ɗan fili a bayan ɗakinmu, tsawonsa zai kai taku shida, faɗinsa taku huɗu. Bara da aka yi ruwan farko na zuba kashin kaji, na shuka tumatir da kuɓewa da alayyafo. Wasu suna tsirowa suka ƙone. Kuɓewar da ta rayu ta tsumbure, da na tuge ta sai na ga saiwarta duk ƙulle-ƙulle. Tumatirin ya yi ganye shar amma furen sai zubewa yake yi, da Agusta ya zo kuma ruwa ya kwanta a wurin, komai ya ruɓe. Ga shi yanzu muna cikin Maris. Me zan yi tun yanzu don kada na bana ya zama irin na bara? Ruwa saye muke yi a wajen 'yan garuwa."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ji daɗin yadda kika zayyano abin, musamman da kika tuge kuɓewar kika duba saiwarta, don ba kowa ke yin haka ba. Idan na fahimce ki, matsala huɗu ce ta haɗu miki a damina ɗaya: ɗanyen taki, shuka a kan ruwan da bai zauna ba, cuta a cikin ƙasa, da wurin da ba ya fitar da ruwa. Na tumatir daban ne, wannan batun lokaci ne, zan zo kansa. Abin daɗin shi ne duk huɗun nan a bazara ake gyara su, ba a damina ba. Wanda ya jira sai hadari ya haɗu sannan ya ɗauko fartanya, ya riga ya makara. Kina da Maris da Afrilu da Mayu a hannu, kuma sun isa.

Fara da sanin wurin

Kafin ki taɓa ƙasa, ki ba wurin yini guda kina lura da rana. Kayan miya suna son rana ta kai awa shida a kansu. Bayan ɗaki yakan zama tsakanin bango da katanga, wani gefen rana ba ta sauka sai hantsi ya yi sosai. Gefen da ya fi samun rana na kuɓewa ne da barkono; gefen da inuwa ke saurin rufewa ki bar wa alayyafo da lalo, su sukan yi haƙuri da ita.

Sai ki ɗaga kai ki dubi rufin. A gidajen birni da nake shiga, mafi yawan lambun da aka ce "ruwa ya kwanta" ba ruwan da ya sauka a kan lambun ba ne, ruwan kwanon ɗaki ne indararo ke juyewa a ciki. Rufin ɗaki biyu zai iya fin filin naki girma, ke nan ƙasar tana shan nata ruwan da na rufin a lokaci guda, a watan da ake marka. Kano takan samu mafi yawan ruwanta ne daga Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ne ƙololuwa. Ki duba inda indararon ke zuba, ki duba rariyar katanga ko ta toshe ko ta fi filin tudu. In da hali a ajiye duro a ƙarƙashin indararon, a kuma ja 'yar hanyar ruwa daga nan zuwa rariya ta gefen lambun. Wannan kaɗai yakan warware rabin matsalar, ga kuma ruwan ban ruwa kyauta ranar da sama ta ɗauke.

Daga nan ki gwada ƙasar. Ki haƙa rami mai zurfin kamar santimita 30, ki cika shi da ruwa, in ya tsotse ki sake cikawa, ki ga tsawon lokacin da na biyun zai ɗauka. In ya ɓace kafin awa guda, yashi ya yi yawa, ƙasar ba ta riƙe ruwa da taki. In ya kwana ya yini yana nan, ko dai taɓo ne, ko kuma akwai abin da ya tare a ƙasa. A sababbin unguwanni sau da yawa ɓaraguzan gini ne: guntayen bulo, busasshen siminti inda magina suka kwaɓa, ko jar ƙasar ciko da aka daddaɓe. Duk wannan sai an sa diga an fasa an kwashe. Aikin ƙarfi ne, ki samu matashi ki biya shi, ya kafce wurin zurfin kan shebur ko fiye, ya bar ƙasar a birkice rana ta doke ta.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: in ruwan salga ko na sokawe yana tsattsafowa kusa da filin, ko kwatar wanka da wanki tana ratsa shi, kada ki shuka ganyen ci a ƙasar wurin. Ruwan omo ma, in aka daɗe ana zuba shi, yakan bar gishiri a ƙasa shuka ta riƙa ƙonewa daga bakin ganye.

Maganar taki

Kashin kaji taki ne mai kyau ƙwarai, ya fi na shanu ƙarfi, kuma ƙarfin nan ne ya ƙona miki tsiro. Ɗanyensa yana fitar da wani gas mai hawa kai, wanda kike ji in kin shiga akurki, yana kuma ɗauke da gishiri mai yawa. Jaririn tsiro mai saiwa kamar zare ba zai iya da shi ba. Ban da haka, ɗanyen kashin dabba yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, alayyafo kuwa a kusa da ƙasa yake, ruwan sama na fantsama masa. A Amurka dokar noman da ba a sa takin zamani ta ce in an zuba ɗanyen taki, sai an yi kwana 120 kafin a girbi abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Alayyafo kuwa sati uku zuwa huɗu ake fara yankarsa. Kin ga ba su haɗu ba. Don haka taki sai ya ruɓe kafin ya shiga lambu.

Ga yadda nake haɗa nawa. A lungu mai inuwa nakan shimfiɗa busassun ganye da guntayen kara, in zuba kashin awaki ko na kaji a kai, in yayyafa ruwa, in sake shimfiɗa busasshe, in bi da ɓawon kayan miya da sauran ganyen da aka gyara a kicin, haka hawa-hawa har tarin ya kai gwiwa ko ƙugu. Busasshen ya fi kashin yawa, kamar kashi biyu ko uku bisa ɗaya. Ban da nama, ban da mai, ban da ragowar tuwo, don ɓeraye. Sai in rufe da tsohon buhu ko tabarma. Bayan kwana uku zuwa huɗu in ka cusa hannu a tsakiya za ka ji zafi har sai ka janye. Wannan zafin ne ke kashe ƙwayar cuta da irin ciyawa. Duk sati biyu a juya shi, na waje ya koma ciki, a ƙara ruwa. Ma'aunin ruwan shi ne ki damƙi takin ki matse, ya dunƙule amma kada ya ɗiga. A zafin bazara sati shida zuwa takwas ya isa. Alamar ya nuna: ya yi baƙi, ya yi sanyi, yana marmashewa a hannu, kuma warinsa ya koma ƙamshin ƙasa. In kin ga gwazarma a ciki ki tsince wa kaji, kada ta bi takin zuwa lambu.

Nan ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye da na alwala yake da amfani. Tunda saye kike yi, ki ajiye bokiti guda a tara su, shi zai jiƙa miki takin.

Ƙasar yankinmu gaba ɗaya tana da ƙarancin ruɓaɓɓen abu a cikinta, rana da gara suna cinye shi da sauri, saboda haka kada ki ji tsoron zuba takin da ya nuna. Kwanon sarki ɗaya a kowane murabba'in mita biyu zuwa uku daidai ne, a gauraya shi da ƙasar sama. In ƙasar taɓo ce, buntun shinkafa da ya ruɓe ko wanda aka babbaka yana sassauta ta. Toka tana da amfani, amma kaɗan: barbaɗawa ake yi, ba juyewa ba, kuma tokar itace kawai, ba wadda aka ƙona leda da roba a ciki ba. Kada ki haɗa toka da yuriya ko da ɗanyen kashin kaji, tana korar sinadarin da ake nema ya bi iska.

Takin bola kuwa, na san manoman kewayen Kano sun daɗe suna amfani da shi, kuma a da toka ce da kashin dabba da shara. Bolar yanzu akwai matattun batura, kwalabe, allurai da leda. A gonar dawa wata magana ce. A lambun ganyen da yaranki za su ci, ban ba ki shawara ba.

Ƙulle-ƙullen saiwa

Wannan shi ya fi damuna a wasiƙarki. Abin da kika gani aikin wata tsutsa ce ƙarama da ido ba ya gani, tana zaune a ƙasa, tana shiga saiwa ta kumbura ta, ruwa da abinci su kasa hawa. Shi ya sa kuɓewar ta tsumbure, kuma na tabbata da rana takan yi yaushi ko da ƙasa a jiƙe take. Ki bambance ta da ƙullin saiwar wake da gyaɗa: na wake a gefen saiwa yake, in kika murza ya fita, kuma alheri ne; na cuta kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. Tsutsar nan ta fi son ƙasa mai yashi, kuma kuɓewa da tumatir da gauta abincinta ne. In kika sake shuka su a gurbin bara ba tare da kin yi komai ba, ta fi bara yawa.

Babban makaminki shi ne zafin Afrilu, wanda a Kano yakan kai digiri 40. Bayan an kafce an fasa hoge an daidaita, a jiƙa ƙasar sosai sau ɗaya, a shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, ba baƙa ba, a ja ta ta kwanta a jikin ƙasa, a binne bakinta ta kowane gefe don kada iska ta shiga. A bar ta sati huɗu zuwa shida. Da rana za ki ga gumi ya taru a cikin ledar, ƙasar saman ta yi zafin da hannu ba ya jurewa. Wannan turarin yana rage tsutsar da cututtukan ƙasa da irin ciyawa. Ban ce yana ƙarar da su ba, na can ƙasa sukan tsira, amma yakan ba shuka damar yin ƙarfi kafin su dawo. In an cire ledar kada a sake zurfafa kaftu, don kada a ɗago na ƙasa. A zuba takin da ya nuna a saman a gauraya sama-sama. In kuɗin leda ya yi nauyi, a rufe gefen da kuɓewar bara ta tsaya kawai, sauran kuma a riƙa birkita shi duk sati biyu rana ta gasa shi. Dakakken 'ya'yan dalbejiya in an gauraya da ƙasa shi ma yana taimakawa. Sannan bana ki sauya wa kuɓewa gurbi, inda ta tsaya bara ki sa masara 'yar kaɗan ko gyaɗa.

Kunya, ba fangali ba

Da yawa sukan kwaikwayi abin da suka gani a lambun rani, su yi fangali mai zurfi da ke tare ruwa. A rani daidai ne, ruwa ake tattali. A damina kuwa fangali kududdufi ne. Ke tudu kike buƙata. Ki ɗaga gadaje masu tsayin santimita 15 zuwa 20, in gwajin ramin ya nuna ƙasar na riƙe ruwa ki kai 30. Faɗin kowanne kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba, a bar hanya a tsakani wadda ta ɗan gangara zuwa rariya. A filinki gado uku za su fita da hanyoyinsu. Ƙa'idar da nake kafa wa yaran gida ita ce ƙafa a hanya, hannu a gado. Ƙasar da ake takawa takan daskare, saiwa ta rasa iska.

Kabewa daban. Ita ramin kanta ake yi mata a lungu, a cika da taki, a bar ta ta hau katanga ko rumfa. Dabarar rami da taki ita ce manoman jihar Tawa a Nijar suka farfaɗo da ƙeƙasassun filaye da ita, kuma tana aiki a lungun gida kamar yadda take yi a fako. Sai dai a wurin da ruwa ke kwanciya, a kan ɗan tudu za ki yi ramin.

In kuwa kin haƙa kin tarar ƙasan duk siminti ne, kada ki wahalar da kanki. Buhunan shinkafa ko na taki da aka wanke, a huda ƙasansu, a cika da ƙasa mai kyau kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a ɗora su a kan bulo. Kuɓewa biyu ko barkono ɗaya a buhu guda suna yi lafiya lau.

Sai shinge. Ko akuya ɗaya ce a gidan, ko kajin maƙwabta ne ke tsallakowa, a gama shingen kafin a sa iri. Ƙadangaru kuma, waɗanda mutane ke rainawa, sukan bi layin tsiro da safe su tsinke shi ɗaya bayan ɗaya, ka fito ka tarar da 'yan sanduna. Tsohon gidan sauro da aka ɗaga a kan ƙirare shi ne maganinsu har shukar ta yi ganye huɗu zuwa biyar.

Me za a shuka, yaushe

Yanzu ga tumatir. Ba laifin hannunki ba ne. Furen tumatir ba ya ɗaurewa in zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35 kuma dare bai yi sanyi ba, sai ya bushe ya faɗi. Ga damina da ruwa ke fantsama cutar ƙasa a ganye. Shi ya sa manoman Kadawa da Kura suke yin nasu a sanyin hunturu, shi ya sa kuma tumatir ke tsada daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina. Takin kaji mai yawa ya ƙara tura shi ga yin ganye. Shawarata ki ɗaga masa ƙafa: ki yafa irinsa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ki dasa bayan sati uku zuwa huɗu, lokacin latas da karas da albasa ke nan. In ranki na son sa a damina, ƙananan nan na gargajiya masu fitowa da kansu a bakin rariya sun fi jurewa. Ki sa biyu ko uku a buhu, a inda rana ke samu amma ruwan rufi ba ya duka, ki kafa musu sanda.

Damina ta kayan miyarmu ce: kuɓewa, alayyafo, rama, yakuwa, lalo, karkashi, kabewa, gauta, barkono da attaruhu. Su ne suka saba da zafi da laima. Da ni ne, gado ɗaya kuɓewa, ɗaya alayyafo da lalo, ɗaya barkono da gauta, rama da yakuwa a jikin katanga. Zogale guda ɗaya a kusurwar da inuwarsa ba za ta faɗa kan gadaje ba, a riƙa sare kansa kada ya wuce tsayin mutum.

Irin da za ki saya ki gwada shi tun yanzu. Ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. In bakwai ko takwas sun tsiro cikin mako, irin na da rai. In uku ne, ki nemi wani tun da sauran lokaci. Na cikin fakiti ki duba ranar ƙarewarsa, kuma ki guji wanda ya sha rana a kan tebur a kasuwa.

Kada ki ce za ki riga damina da ban ruwa. A bazara kowane murabba'in mita yana shan lita 5 zuwa 8 a yini. Filinki kusan murabba'in mita 20 ne, ke nan jarka biyar ko fiye kullum. Kuɗin ya fi na cefanen. Abin da ya cancanci ruwan saye shi ne renon barkono da attaruhu da gauta, don su sai sun yi sati biyar zuwa shida kafin dashe. Ki yafa su a tsohuwar roba da aka huda ko kwando a farkon Mayu, a inda suke samun ranar safe kawai. Kofi biyu na ruwa ya ishe su, kuma lokacin da ruwa zai zauna sun isa dashe.

Ruwan farko kuwa ki bar shi ya wuce. Manomin gero yana iya yin binne, wato ya sa iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, ko ya bi ruwan farko, don gero na jure fari kuma irinsa da yawa. Kayan lambu ba haka suke ba. Sau da yawa akan yi ruwa ɗaya a Mayu, sama ta ɗauke sati biyu ko uku, tsiron ya ƙone. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet takan fitar da hasashen saukar damina a farkon kowace shekara, gidajen rediyo na karantawa, ki saurara. Amma ma'aunin da ya fi kusa da ke shi ne ki tona ƙasa bayan ruwa na biyu ko na uku: in laima ta kai zurfin tafin hannu da yatsunsa, kuma hadari na ci gaba da haɗuwa, ki shuka. A Kano wannan yakan faɗo cikin Yuni. Ruwan farkon ma yana da aikinsa: zai tsirar da ciyawar da ke ɓoye, ki kankare ta tana ƙarama, ki shuka a wuri mai tsabta.

Ranar shuka, irin kuɓewa a jiƙa shi ya kwana, a sa ƙwaya biyu zuwa uku a rami, tazarar santimita 40, in sun tsiro a bar ɗaya ko biyu; cikin wata biyu za ki fara tsinka, kuma sai ana tsinka duk kwana biyu ko uku take ci gaba da haihuwa. Irin alayyafo a gauraya shi da yashi kafin a yafa don kada ya cushe, kuma kada ki yafa gadon duka rana ɗaya. Rabi yau, rabi bayan sati biyu, sai ya zama ba ki yanke da ganye ba. Irin lalo yana da taurin kai, a ƙulle shi a tsumma a tsoma a tafasasshen ruwa daƙiƙa biyar zuwa goma, a shanya ya sha iska, sannan a yafa. Dashe kuma da yamma ake yi, ko ranar da gari ya lumshe.

In shuka ta kai taƙi guda, a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya, amma kada ta taɓa gindin, saboda gara. Ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke huda ganyen kuɓewa da rama za su zo, babu makawa. Ki tanadi 'ya'yan dalbejiya: a daka kamar giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma duk mako. Ganyen da za a ci a bar shi kwana biyu zuwa uku a kuma wanke sosai, don yana barin ɗaci. Maganin feshin kanti a kan ganyen da ake yanka kowane mako, a tsakar gida mai yara, ba na so.

Duk wannan na faɗa ne bisa abin da kika rubuto, ban taka filin ba. In kin yi gwajin ramin kika ga abin da bai yi kama da wanda na kwatanta ba, ko kika ga farin gishiri na fitowa a saman ƙasar bayan ta bushe, ki ɗebi ƙasar daga wuri uku ko huɗu ki haɗa a leda, ki kai wa malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano, da ke ƙaramar hukumarku ya gani da idonsa. A wannan makon dai abu biyu za ki fara da su, don su ne masu cin lokaci: haɗa tarin takin, da kiran mai diga. Ledar kuma ta hau ƙasa kafin tsakiyar Afrilu, don ta samu satinta shida cif kafin ruwa.